MUTUMIN DA YAKE SALLAH A KAN KUJERA ALHALI ƘAFAFUNSA LAFIYA LAU



'Yan uwa, yau da laifina zan fara, domin a kaina darasin ya fara sauka.

Kwanakin baya, a karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha, mun zo babin sallar mara lafiya. Sai na ɗan kauce daga littafi, na shiga maganar kujerun roba da suka cika masallatanmu. Na ce a da in ka ga kujera a masallaci, to ta tsoho ce tukuf ko wanda ya karye. Amma yanzu mutum zai tako da ƙafarsa daga gida, ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi hira ta minti 20 a tsaye, ana tayar da iƙama sai ya jawo kujera. Na ce a ji tsoron Allah, tsayuwa a sallar farilla rukuni ce, ba abin wasa ba ce. Mutane suka yi dariya, wasu suka waiwaya. Na ga inda suka waiwaya, ban kuma hana su ba.

Bayan an sallame Isha, wani bawan Allah ya jira har jama'a suka ragu. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai fi shekara 45 ba, yadi yake sayarwa a kasuwa. Ya zauna kusa da ni, ya ɗan karkato da gefensa na dama, ya ce: "Malam, ni ne mai kujerar." Kafin in ce wani abu ya zaro wata takardar asibiti daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce: "Ban zo don in yi musu ba, abin da ka faɗa gaskiya ne. So nake kawai ka gaya mini, sallar da nake yi tun shekara biyu tana nan, ko in rama?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Ga abin da yake damunsa, kamar yadda ya ba ni labari, da kuma abin da na bi na fahimta daga baya.

Abin ya fara ne da waya. In ya kara ta a kunnen hagu sai ya ji maganar kamar daga cikin rijiya, sai ya mayar da ita dama. Ya ɗauka datti ne. Sannan wata ƙara ta zauna masa a wannan kunnen, shuuu, dare da rana, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Daga baya ƙasa ta daina tsayawa daidai a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce mini ba irin hajijiyar da yara suke ji ba ce in sun yi ta juyi a tsakar gida, wadda duniya take zagayawa. Tasa kamar mutum ne yana tsaye a cikin kwalekwale, kullum, ba sauka. In ya juya kai da sauri, sai ya ji kamar idonsa ya makara bai biyo kan ba. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba shi na taifot, an auna jininsa an ce bai hau ba. Sai da aka tura shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, aka gwada jinsa aka ga kunne ɗaya ne kawai ya ja baya, sannan aka sa shi a na'urar MRI. Nan aka ga wani ɗan ƙari wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a kan jijiyar da ta haɗa cikin kunne da ƙwaƙwalwa. Likitoci suna ce masa akustik niyuroma.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wanda bai san yadda abin yake aiki ba, ba zai gane hukuncin ba.

Yawancinmu mun ɗauka aikin kunne ji ne kawai. Ashe can ciki, bayan dodon kunne, a cikin ƙashi, Allah Ya ajiye ma'aunin da yake riƙe mutum a tsaye. Akwai wasu 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar ɓangare daban. In ka juya kai, ruwan ya motsa, ya taɓa wasu ƙananan gasu, su kuma su aika saƙo. Kusa da su akwai wasu 'yan jakunkuna guda 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani, su ne suke gaya maka ina ne sama ina ne ƙasa, ko da idonka a rufe yake. Duk wannan saƙon, tare da na ji, yana bi ta jijiya guda, wadda ita ce ta 8 a cikin jijiyoyi 12 da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe. Tana ratsa wata 'yar siririyar hanya a cikin ƙashi, tsawonta kamar santimita 1, kuma a wannan matsattsen wurin take tafiya kafaɗa da kafaɗa da jijiyar da take motsa fuska.

Jijiya kuwa tana da riga, kamar yadda wayar lantarki take da roba a jikinta. Ƙwayoyin da suke yin wannan rigar an sa musu sunan wani Bajamushe masanin halitta na ƙarni na 19, Theodor Schwann. To su ne suke yin yawa fiye da ƙima a wuri ɗaya, su zama ƙari. Ba kansa ba ce, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Girmansa a hankali yake, sau da yawa milimita 1 ko 2 a shekara, wani ma sai ya tsaya cak shekara da shekaru. Matsalarsa ita ce wurin da ya zauna ba fili. Yana danne jijiyar, ji ya ragu, saƙon ma'auni daga wannan gefen ya riƙa zuwa a gurguje. In ya girma ƙwarai yana iya sa gefen fuska ya yi dindiris, har ya kai ga tura tushen ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne haɗarin rai yake shigowa. Kusan kullum a kunne ɗaya yake fitowa. Wanda yake fitowa a kunnuwa biyu ciwo ne na gado, kuma ba shi da yawa.

Yanzu ga abin da ya warware mini ɗaurin kai. Tsayuwar mutum a kan shaidu 3 take: cikin kunne, da ido, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi suke ji. Ƙwaƙwalwa kamar alƙali ce, tana sauraron ukun ta yanke hukunci a cikin ƙiftawar ido. In shaida ɗaya ya fara kawo magana mara kan gado, alƙali sai ya jingina da sauran biyun. Shi ya sa mutumin nan da rana tsaka, a kan daɓen siminti, yana iya tsayawa ya yi hira ba ka ga komai ba. Amma da Asuba, an ɗauke wuta, layi duk yashi, ido ba ya gani, ƙafa tana nutsewa, shaidu biyun da suka rage su ma sun raunana. Sai ka gan shi yana tangaɗi. Ya shigo masallaci ya hau kafet mai laushi, ƙafa ta rasa ƙasa mai tauri. Ya sunkuya ruku'u ya ɗago, ya faɗi sujada ya miƙe, kai yana sama yana ƙasa, ga mutane a manne da shi dama da hagu. Ya ce mini sau biyu yana faɗawa kan na kusa da shi a sahu, na biyun wani dattijo ne, har ya ji masa ciwo a gwiwa. Tun daga ranar ya sayi kujera.

Ashe hujjar da na kafa a karatu, wai yana iya tsayuwar hira amma ba ya iya ta sallah, ita ce ainihin siffar ciwon nasa.

Amsar tambayarsa ba ta da wuya, duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san ta. Malam ya jero halaye 7 na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, a gefen hagu, da rigingine. Huɗun farko jerantawarsu wajibi ce, ba ka sauka zuwa na ƙasa sai na sama ya gagare ka. Asalin wannan kuwa hadisin Imrana ɗan Husaini ne a Bukhari, wanda basir ya dame shi ya tambayi Annabi (SAW), aka ba shi izinin zama in tsayuwa ta gagara, da kwanciya in zaman ya gagara. Kuma malamai ba su taƙaita gagara a kan wanda ƙafarsa ta mutu ba. Tsananin wahala da tsoron cutuwa suna ciki. Imam Nawawi ma ya ambaci jirin da yake kama matafiyi a jirgin ruwa a cikin uzurorin da suke halatta zama. To ina ga wanda jirginsa yake cikin kansa? Na ce masa sallarsa tana nan, ba ramuwa. Na ƙara masa da cewa abin da yake iyawa ba ya faɗuwa saboda abin da ba ya iyawa: ranar da ya ji dama ya yi kabbarar harama da karatu a tsaye, ko da dafa bango ne, in ya zo ruku'u da sujada ya zauna ya yi abin da zai iya. Ya ce ai haka yake yi a mafi yawan kwanaki, da Asuba ne kawai yake zama tun farko. Ni ban ma taɓa lura ba. Kujerar kawai na gani.

Wannan ita ce mas'alar fiƙihu, kuma ta ƙare a minti 5. Wadda ta hana ni barci daban ce: shin abin da na faɗa a karatu kuskure ne?

Na juya ta, na sake juyawa. Maganar a kanta ba ƙarya ba ce. Akwai masu sakaci, akwai wanda ciwon gwiwa kaɗan ya sa ya mayar da kujera gado, kuma aikin mai wa'azi ne ya tunatar. In muka ce a daina faɗar hukunci don kada wani ya ji zafi, to an rufe karatu ke nan. Amma akwai rata mai faɗi tsakanin faɗar hukunci da ɗora shi a kan wani mutum ayyananne. Na farko ilimi yake buƙata, kuma yana cikin littafi. Na biyu yana buƙatar sanin abin da yake cikin jikin mutumin, wannan kuwa ba ya cikin littafina. Ni ban ambaci suna ba, gaskiya ne. Amma na zana siffar da ta sa mutum 40 suka waiwaya wuri ɗaya, na kuma yi shiru. Shirun nan shi ne ambaton sunan.

Ku lura da wani abu a hadisin Imrana. Ba a ce a kawo shaidu ba, ba a ce wani ya je ya duba shi ba. An mayar da ma'aunin iyawa da rashin iyawa ga shi mai jikin. Haka shari'a take yi a wurare da yawa: mai azumin da ya ji zai halaka, macen da ta ce ga halin da take ciki, wanda ya ce ruwa zai ƙara masa ciwo. An ba su amana, hisabinsu yana wurin Wanda Ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ka ce to ai wani zai yi ƙarya. Zai yi mana. Amma auna asarar biyu. In ka kyautata zato ga maƙaryaci, kai ba ka rasa komai ba, shi ne zai amsa tambaya a kan sallarsa. In ka munana zato ga mai gaskiya, ka ɗauki zunubi, ka kuma ƙara wa mara lafiya ciwo na biyu a kan na farko. Ayar Suratul Hujurat da ta yi hani ga yawan zato, a cikinta aka hana bin diddigi da giba, kuma a jere suke zuwa a rayuwa kamar yadda suka zo a ayar.

Muna da karin magana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan karin maganar ta faɗi. Mun saba da ciwon da yake da alama: filasta, sanda, rama, kwanciya. Wanda ya karye ana zuwa dubiya da lemo da ayaba, a yi sati biyu ana sannu. Shi wannan fuskarsa shar, jikinsa a murje. Bari ku ji abin da aka ce a kansa, da bakinsa ya gaya mini yana murmushin da ba na daɗi ba. Masu ganinsa da Asuba yana layi sun ce ya fara shan ƙwaya, har magana ta kai ga surukansa. Maƙwabcinsa na kasuwa da yake zama ta hagunsa ya yi fushi wata 3, wai yana yi masa sallama ba ya amsawa, kuɗi sun sa masa girman kai. Ya daina zuwa ɗaurin aure da walima, domin mai kunne ɗaya ba ya iya tsamo magana a cikin hayaniya, ba ya kuma gane ta ina sauti ya fito; in an kira sunansa sai ya yi ta waige. Aka ce ya yanke zumunci. Kasuwa kanta, da cunkosonta da yadduka masu zane iri iri suna kaɗawa a gaban idonsa, takan sa ƙwaƙwalwarsa ta gaji tun kafin Azahar, domin abin da ni da kai muke yi kyauta, wato tsayuwa, shi da aiki yake yinsa. Ya koma gida ya kwanta, a ce ya zama malalaci. Ƙwaya, girman kai, yanke zumunci, lalaci. Laifi huɗu aka rataya masa, na zo na ƙara na biyar daga kan kujerar karatu, wai wasa da sallah.

To amma kada mu tsaya a kan masu kallo kawai. Shi ma mai ciwon akwai nasa nauyin, kuma na gaya masa, ya karɓa.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce kunya, da kuma tsoron kada ya zama mai kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi. Wannan tsoron mai kyau ne, amma an sa shi ba a wurinsa ba. Malamai sun bambanta tsakanin koke na rashin yarda da ƙaddara da kuma ba da labari don wata buƙata. Annabi (SAW) da kansa ya ambaci ciwon kansa ga Nana A'isha a rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Ummu Salama ta gaya masa ba ta da lafiya a Makka, ya ce ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Da ta yi shiru, da ba ta samu sauƙin ba, mu ma da ba mu samu hukuncin ba. Kalma ɗaya ga maƙwabcin nan, cewa kunnen hagu ya mutu, ka riƙa zagayowa ta dama, da ta tsare gaba ta wata 3. Wanda ya ɓoye uzurinsa gaba ɗaya ya bar ƙofar zato a buɗe, kuma shi ma yana da ɗan kaso a abin da ya shigo ta ƙofar. Ba wai ya hau lasifika ba. Amma iyali, da abokan sahu, da abokan ciniki na kusa, sun cancanci su sani.

Akwai kuma inda faɗar ta tashi daga halal ta zama dole. Yana hawa babur, wani lokaci da yara biyu a baya zuwa makaranta. Na ce masa wannan ba sirrinka ba ne kai kaɗai, akwai rayukan wasu a ciki. Ka tambayi likitanka ƙarara ko ya dace ka ci gaba, musamman da dare, kuma ka bi abin da ya ce ko da bai yi maka daɗi ba. Haka direban haya, haka magini mai hawa saman gini, haka mai shiga kogi, domin a cikin ruwa ƙafa ba ta taka komai, ido ba ya gani sosai, mai irin wannan larura yana iya rasa ina ne sama. Sauƙin da shari'a ta ba ka a sallarka tsakaninka da Allah ne. Ba ta ba ka sauƙin jefa ɗan wani a haɗari ba.

Sai abin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin. Iyalinsa, saboda ƙauna, sun hana shi komai. Kwanta, kada ka tashi, a kawo maka. Ashe wannan tausayin cutarwa ne. Ƙwaƙwalwa tana iya koyon zama da ma'auni ɗaya, ta sake daidaita lissafinta, amma ba ta koyo a kwance. Sai an motsa kai, an ji jirin, an sake motsawa, kamar yaro mai koyon tafiya. Tun a shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara motsa jiki na musamman don wannan, kuma har yau a kan wannan tushen masu gashin ƙashi na asibiti suke gini: ka kafa ido a kan abu ɗaya kana juya kai, ka yi tafiya kana waige dama da hagu, ka tsaya ƙafa a haɗe kusa da bango. Har ma ƙwayoyin kwantar da jiri, in aka daɗe ana sha, suna jinkirta wannan koyon. Ka ga ke nan haƙuri a nan ba naɗe hannu ba ne. Mutum ɗaya, a yini ɗaya, ana so ya karɓi rangwame a sahu don kada ya faɗa kan dattijo, ana kuma so ya ƙi rangwame a tsakar gidansa, ya tashi ya yi atisayen da yake sa shi jiri. Wane ne zai iya gaya masa daga waje yau wanne ya kamata? Ba ni ba, ba kai ba. Shi da likitansa ne, da tsoron Allah da yake zuciyarsa.

Na tambaye shi maganar magani. Ya ce hanya 3 aka shimfiɗa masa. Ko a yi tiyata a cire, ko a harba masa haske mai ƙarfi a daidai wurin don ya daina girma, ko a zuba ido ana sake hoto lokaci lokaci. Tiyatar nan a farkon ƙarni na 20 mafi yawan waɗanda aka yi wa ba sa tashi. Wani likita a Amurka, Harvey Cushing, wanda ya rubuta littafi a kan wannan ƙari a 1917, yana cikin waɗanda suka rage mace macen, sannan a shekarun 1960 William House ya shigo da yin aikin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yau a hannun ƙwararru mutuwa ta yi ƙaranci ƙwarai, amma har yanzu ana iya rasa sauran jin da ya rage, fuska tana iya karkacewa, kuma cire ƙarin ba ya dawo da ma'aunin da ya lalace. Na'urar hasken kuwa, Gamma Knife, wani likita ɗan Suwidin, Lars Leksell, ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1960, kuma ba kowace ƙasa take da ita ba. Shi nasa ƙarami ne, sai likita ya ce a jira a gani.

A nan dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce wane irin likita ne zai ga abu a kan mutum ya ce a bar shi, a sayar da fili a fita da shi waje. Wasu suka ce tun da asibiti sun kasa, ai dama ba na asibiti ba ne, sammu ne ko iska, a nemi mai ruƙiyya. Dukansu abu ɗaya ne yake damunsu: ba sa iya zama da abin da ba a gama ba. Ni kuwa ina ganin jiran nan, in da ilimi aka yi shi, shi ma riƙo da sababi ne. Wanda aka ce masa ya dawo a sake hoto ya kuma dawo a ranar, yana lura da sabuwar alama kamar mutuwar gefen fuska ko ciwon kai mai tsanani da amai, ba sakaci yake yi ba. Mai sakaci shi ne wanda ya ji an ce a jira, ya tafi bai sake komawa ba, ya kira wannan tawakkali. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata alheri ce ga kowane ciwo, ya yi wa kansa safe da yamma. Amma abin da aka gani a hoto, aka auna shi da milimita, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce maka aljani ne ya zauna a kunnen, ballantana a ɗiga maka wani abu a ciki. Mafi muni shi ne a ce wane ne ya yi maka. Nan an koma kan zaton da muka fara da shi, an dai sauya wanda za a zalunta ne.

Kada kuma kowa ya karanta wannan ya tsorata don ya taɓa jin jiri. Wannan ƙarin ba shi da yawa, kuma mafi yawan jiri daga wasu abubuwa ne: ƙarancin jini, yunwa, faɗuwar awon jini in an miƙe da sauri, ko tsakuwoyin nan na cikin kunne su goce daga mazauninsu, wanda likita yake gyarawa da juya kai kawai. Wasu magunguna ma suna taɓa kunne, kamar kwinin da yake sa ƙara, da allurar jentamaisin da take iya lalata ma'auni in an yi ta barkatai. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ji ya ragu a kunne ɗaya, ko ƙara ta zauna a kunne ɗaya ta ƙi tafiya. Wannan a je a gwada ji a wurin likitan kunne, kada a tsaya a kemis.

Washegari a wurin karatu na nemi izininsa, ya ce in faɗa amma kada in nuna shi. Na ce wa jama'a jiya na faɗi hukunci daidai, na kuma bar ku kuka ɗora shi a kan wanda ba ku san halinsa ba, ni ma ban sani ba, ina neman gafarar Allah da yafiyar wanda abin ya taɓa. Wannan karon ba wanda ya waiwaya.

Yanzu a ƙarshen sahun farko yake tsayawa, ta hagu. Ya ce shekara 20 yana neman ɓangaren dama saboda falalarsa, amma a hagun bango yana gefen kunnen da ya mutu, yana dafa shi in ƙasa ta motsa, kunnen mai ji kuma yana fuskantar liman. Ladan ya naɗe kafet ɗin wannan kusurwar ya bar masa tabarma a kan siminti. Wani yaro maƙwabcinsa yana biyo masa da tocila da Asuba. Wata mai zuwa zai koma a sake hoton, a ga ko ƙarin ya motsa daga inda aka bar shi bara. Ya ce in roƙa masa ku sa shi a addu'a, ba sai kun san sunansa ba.